Yadda baƙaƙen fata 'yan Republican ke cin zaɓe a Amurka, da irin zaman da suke yi da mutanensu

Tambaya: Malam, ina bin siyasar Amurka, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Baƙaƙen fatar ƙasar mutane ne masu riƙo da addini, da yawansu ba su yarda da abubuwan da masu sassaucin ra'ayi ke kira a kai ba, amma duk zaɓe sai su zuba wa Democrat ƙuri'a. To 'yan kaɗan ɗin da suka shiga Republican har suka tsaya takara, irin su Sanata Tim Scott, yaya ake yi su ci zaɓe? Kuma wane irin zama suke yi da 'yan uwansu?

Amsa: A taƙaice, ba ƙuri'un baƙaƙen fata ke kai su kan kujera ba. Kusan dukkan waɗanda suka shiga majalisar dokokin tarayya a tutar Republican cikin shekaru sittin da suka wuce, farar fata ne suka zaɓe su. Amma iyayensu da danginsu da cocin da suka tashi a ciki da shagon da suke aski galibi na baƙaƙe ne. Masu ba su ƙuri'a daban, mutanen da suke komawa cikinsu ranar biki ko makoki daban, kuma kowane ɓangare na da abin da yake so ya ji daga bakinsu. Wahalarsu daga nan ta taso.

Kafin mu shiga lissafin zaɓe, sai ka raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: ra'ayin riƙau da katin jam'iyyar Republican. A binciken cibiyar Pew na 2019, cikin baƙaƙen da ke zaɓen Democrat kashi 25 cikin 100 sun kira kansu masu ra'ayin riƙau, kashi 43 masu matsakaicin ra'ayi, kashi 29 ne kawai masu sassauci. Ke nan mafi yawan baƙaƙe masu ra'ayin riƙau suna cikin Democrat ɗin, ba su fita ba. Dattijuwar da ba ta fashin coci ranar Lahadi, take ƙin zubar da ciki, take son a ƙara 'yan sanda a unguwarsu, ita ce mai sammakon zuwa rumfar zaɓe ta dangwala wa Democrat. Ko shirin bai wa iyaye talakawa kuɗin gwamnati su kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, wanda 'yan Republican ke tinƙaho da shi, wata baƙar fata 'yar Democrat mai suna Polly Williams ce ta tsaya kai da fata har aka fara shi a Milwaukee a 1990.

Da can ba haka abin yake ba. Republican ita ce jam'iyyar Abraham Lincoln, wadda aka soke bauta a hannunta, kuma baƙaƙen farko da suka zauna a majalisa 'ya'yanta ne: Hiram Revels a majalisar dattawa da Joseph Rainey a ta wakilai, dukansu a 1870. Sauyin ya faro ne lokacin matsin tattalin arzikin shekarun 1930, da shirye-shiryen tallafin Franklin Roosevelt suka ja talakawa. A 1934 Oscar De Priest na Chicago, baƙin fata ɗan Republican, ya sha kaye a hannun Arthur Mitchell, baƙin fata ɗan Democrat. Duk da haka ƙofar ba ta rufe ba, don a 1960 Richard Nixon ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un baƙaƙe. A 1964 aka yi baram-baram. Jam'iyyar ta tsayar da Barry Goldwater, sanatan da ya kaɗa ƙuri'ar ƙin dokar 'yancin jama'a ta wannan shekarar, dokar da ta haramta wariyar launin fata a otal da gidan abinci da wurin aiki. Ya tashi da wajen kashi 6. Bayan haka jam'iyyar ta mai da hankali kan farar fatar Kudu da suka fusata da Democrat, dabarar da shugaban jam'iyyar Ken Mehlman ya amince a gaban taron NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, a 2005 cewa kuskure ce. Duk baƙin fatar da ya tsaya takara a Republican yau, wannan tarihin yake ɗauke da shi, ko da ba a haife shi ba lokacin.

Yanzu ga yadda injin zaɓen kansa ke aiki, domin a nan amsar tambayarka ta farko take. Majalisar wakilai na da kujeru 435, kowace mazaɓa na da mutum wajen 760,000, kuma a yawancin jihohi 'yan majalisar jiha ne ke sake shata iyakokin mazaɓu duk bayan ƙidayar shekara goma. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965, da gyaran da aka yi mata a 1982, sun sa aka riƙa shata mazaɓun da baƙaƙe ke da rinjaye, musamman bayan ƙidayar 1990. Wannan ya ƙara yawan baƙaƙe a majalisa sosai, amma kusan duk 'yan Democrat.

Yi lissafin da kanka. Ɗauki mazaɓar da baƙaƙe suke kashi 55 na masu zaɓe. Idan tara cikin goma suka bi Democrat, ɗan takararta ya riga ya tara kashi 49.5 kafin a ƙirga ƙuri'ar kowa. A ce ɗan Republican ya yi namijin ƙoƙari ya samu biyu cikin goma na baƙaƙen. Har yanzu abokin hamayyarsa na da kashi 44, abin da yake nema ɗan kaɗan ne daga sauran kashi 45 ɗin, kuma a manyan birane waɗannan farar fata ne masu sassaucin ra'ayi da 'yan asalin Latin Amurka. Babu hanya. Shi ya sa mai son ya ci da gaske yake neman mazaɓar da Republican ke da ƙarfi, wato ta farar fata.

Can kuma sai ya tsallake zaɓen fidda gwani, wanda a Amurka talakawan jam'iyya ke yi kai tsaye a rumfar zaɓe, ba wakilai 'yan ɗaruruwa a ɗakin taro ba. Su wa ke fitowa? A Carolina ta Kudu baƙaƙe sun kai rubu'in jama'ar jihar, sun kuma fi rabin masu zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa na Democrat, amma a na Republican ba sa kai kashi 5. Saboda haka matattarar farko da ɗan takara zai bi, farar fata masu tsananin ra'ayin riƙau ne ke riƙe da ita. Wanda ya fara kamfen da maganar cin zalin 'yan sanda ko dokokin da ke wahalar da baƙaƙe wajen zaɓe, da wuya ya wuce nan. Wanda ya ce shi kansa hujja ne cewa a Amurka duk mai ƙoƙari zai kai, shi ake tafa wa. Wannan matattara ce ke tantance irin baƙin fatar da jama'a za su gani a matsayin fuskar jam'iyyar, kuma sau da yawa wanda ta fitar shi ne wanda maganarsa ta fi nisa da abin da ake faɗa a unguwannin baƙaƙe.

Duba waɗanda suka kai bantensu. Edward Brooke ya zama sanata daga Massachusetts a zaɓen 1966, jihar da baƙaƙe ba su taka kara sun karya ba, kuma shi mai sassaucin ra'ayi ne da jam'iyyar yau ba za ta tsayar ba. Gary Franks ya ci a Connecticut a 1990, J.C. Watts a Oklahoma a 1994. Tim Scott ya shiga majalisar wakilai a 2010 bayan ya kayar da ɗan Strom Thurmond, tsohon jagoran masu kare wariya, a zaɓen fidda gwani, daga baya gwamna Nikki Haley ta naɗa shi sanata ya kama aiki a Janairun 2013. Mia Love a 2014 da Burgess Owens a 2020 sun fito daga Utah, inda baƙaƙe ba su kai kashi 2 ba. Byron Donalds ya fito daga yankin Naples a Florida, inda ba su kai kashi 10 ba. Da Wesley Hunt na Texas da John James na Michigan suka shigo a zaɓen 2022, yawansu a majalisun biyu ya kai biyar, adadin da rabon a gan shi tun ƙarni na 19. A lokaci guda ƙungiyar baƙaƙen 'yan majalisa, wadda kusan duk 'yan Democrat ne, tana da mambobi wajen sittin.

Shugabannin jam'iyya sun sha ɗauka cewa tsayar da baƙin fata kaɗai zai jawo ƙuri'un baƙaƙe. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba. A Georgia a 2022 an tsayar da Herschel Walker, tauraron ƙwallon Amurka da kowa a jihar ya sani, ya kara da Raphael Warnock na Democrat, shi ma baƙin fata, limamin cocin da Martin Luther King ya taɓa jagoranta a Atlanta. Wajen tara cikin goma na baƙaƙe suka bi Warnock. Tim Scott kansa, a zaɓen 2014, abin da ya samu daga baƙaƙen jiharsa bai wuce wajen kashi 10 ba. Michael Steele ya fi su taɓukawa a takarar sanata a Maryland a 2006, ya samu kusan rubu'i, amma bai ci ba. Abin lura, a wannan jihar dai, gwamna Larry Hogan, farar fata ɗan Republican da ya nesanta kansa da Donald Trump, ya samu fiye da rubu'in ƙuri'un baƙaƙe a 2018, alhali abokin takararsa Ben Jealous baƙin fata ne, tsohon shugaban NAACP. Mai zaɓe yana duba jam'iyya da abin da mutum ya yi a aikace kafin ya dubi launinsa.

Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba, ita ce ta kuɗi. Baƙin fatar da ya tsaya a mazaɓar da ba za a taɓa ci ba yana iya zama hajar tara gudummawa. A 2020 Kim Klacik ta fitar da bidiyo tana tafiya cikin kangwayen gidajen Baltimore tana ɗora laifin a kan mulkin Democrat. Trump ya yaɗa shi, kuɗi suka yi ta kwarara daga sassan ƙasar har fiye da dala miliyan 8. Ta tashi da kashi 28, kuma kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi ga kamfanonin talla da masu tara gudummawa ta intanet. Irin wannan kamfen da masu ba da kuɗi na nesa yake magana, ba da mazauna unguwar ba. Su kuwa mazauna suna ganin an ɗauki hoton talaucinsu an kai kasuwa, sai ƙofar ta ƙara rufewa ga wanda zai zo bayanta.

Mu koma kan zama da 'yan uwa. Masanin siyasa Michael Dawson ya bayyana a 1994 cewa baƙaƙen Amurka, mai kuɗi da talaka, suna ganin makomarsu a ɗaure take da ta sauran baƙaƙe, don haka tambayar da suke yi ranar zaɓe ita ce wace jam'iyya ce ta fi yi wa mutanenmu amfani. Ismail White da Chryl Laird sun ƙara wani abu a 2020: haɗin kan ba ya tsayuwa da kansa, jama'a ce ke tsare shi. Sun gano cewa baƙin fata ya fi cewa shi ɗan Democrat ne idan mai yi masa tambayoyin baƙi ne, fiye da idan fari ne, kuma mai ra'ayin riƙau da yawancin abokan hulɗarsa baƙaƙe ne ya fi zama daram a Democrat. Dalilin a bayyane yake. Mutanen da ba su da rinjayen yawa ko na dukiya, kuma sai da aka zubar da jini kafin su samu ƙuri'ar, ƙarfinsu ɗaya shi ne su kaɗa ta tare. Wanda ya ɓalle, ana ganin ya rage wa kowa ƙarfi.

Hukuncin ba na kotu ba ne, na zaman tare ne. A daina gayyatarka ka yi jawabi a coci, a yi shiru idan ka shigo shagon aski, 'yar uwarka ta ce kada a kawo siyasa a teburin abinci saboda kai, a kira ka ɗan koren Turawa ko maci amana. Bayan Scott ya mayar wa Joe Biden martani a madadin jam'iyyarsa a Afrilun 2021, inda ya ce Amurka ba ƙasar wariya ba ce, laƙabin zagi da aka yi masa ya yi ta yawo a Twitter tsawon sa'o'i. Biden ma, a wata hira ta rediyo a Mayun 2020, ya ce wanda ya kasa zaɓa tsakaninsa da Trump ba baƙi ba ne, daga baya ya janye. A ganina wannan zalunci ne. Ana iya kafa wa mutum hujja kan ƙuri'un da ya kaɗa a majalisa, amma babu wanda ke da ikon cire shi daga cikin mutanensa don ya saɓa ra'ayi. Ƙungiyar baƙaƙen 'yan majalisa ma ta zama fagen wannan rikici: a 1993 an yi yunƙurin hana Franks zama a tarukan da ake tsara dabaru, Watts da Scott sun ƙi shiga, Allen West da Mia Love sun shiga, Donalds kuwa ya ce a 2021 an toshe masa hanya.

Wanda ke zaton cikin jam'iyyar akwai hutu, ya duba abin da ke faruwa duk ranar da suka yi magana a matsayinsu na baƙaƙe. A Yulin 2016 Scott ya tashi a zauren majalisar dattawa ya ce cikin shekara guda, yana riƙe da muƙami, 'yan sanda sun tare shi sau bakwai. Ya ba da labarin wani jami'in tsaron majalisar da ya ga alamar sanata a rigarsa, ya ce alamar ya gane ta, amma shi bai gane shi ba, sai ya nuna katin shaida. A 2018 adawarsa ce ta hana tabbatar da Thomas Farr a matsayin alƙalin tarayya, saboda zargin da ya shafi danne ƙuri'un baƙaƙe a Carolina ta Arewa. Da ya kawo ƙudirin gyara aikin 'yan sanda a 2020 bayan kisan George Floyd, 'yan Democrat suka tare shi suna cewa bai isa ba. Gaba kura, baya sayaki.

Steele ya shugabanci jam'iyyar daga 2009, a hannunsa ta ƙwace kujeru 63 a majalisar wakilai a 2010, amma watanni biyu bayan haka aka sauke shi, kuma a 2018 wani jami'in babban taron masu ra'ayin riƙau ya faɗa a bainar jama'a cewa don launinsa aka zaɓe shi. Mia Love, wadda iyayenta 'yan Haiti ne, ta soki Trump a Janairun 2018 kan munanan kalaman da aka ruwaito ya yi game da Haiti da ƙasashen Afirka. Da ta faɗi zaɓe a ƙarshen shekarar da tazarar ƙuri'un da ba su kai 700 ba, sai ya yi mata ba'a a gaban 'yan jarida. Na Donalds ya fi nuna ƙuncin wurin. A Yulin 2023 sabuwar manhajar tarihi ta Florida ta ƙunshi layin da ke cewa bayi sun koyi sana'o'in da wasu lokuta suka amfane su. Donalds ya yaba wa manhajar gaba ɗaya, ya ce wannan layin kaɗai a gyara. Nan take mutanen gwamna Ron DeSantis suka far masa, gwamnan kansa ya zarge shi da bin bayan Kamala Harris ta Democrat, mataimakiyar shugaban ƙasa a lokacin. Bayan wata goma sha ɗaya, a wani taro a Philadelphia, Donalds ɗin ya ce zamanin dokokin wariya iyalan baƙaƙe sun fi zama a haɗe, sai 'yan Democrat suka yi masa ca.

Masanin zamantakewa Corey Fields, wanda ya zauna da 'yan gwagwarmayar Republican baƙaƙe, ya raba su gida biyu. Akwai masu cewa a daina maganar launi kwata-kwata, a dubi mutum ɗaiɗai. Akwai kuma masu cewa don baƙaƙe suka shiga, domin sun yi imani kasuwanci da mallakar gida da zaɓin makaranta da ƙarfin iyali su ne za su ɗaga al'ummarsu, aƙidar da ke da tushe tun zamanin Booker T. Washington, malami kuma jagoran baƙaƙe, da makarantarsa ta Tuskegee. Na farkon su jam'iyya ke ba wa dandali da kuɗi. Na biyun su ne za su iya shiga coci a saurare su, kuma su ne suka fi yin ƙorafin an yi watsi da su.

Abin da ya taɓa yin aiki ƙarami ne kuma mai cin lokaci. A 2001 Winsome Earle-Sears, haifaffiyar Jamaica kuma tsohuwar soja, ta kayar da ɗan Democrat da ya shekara ashirin a kujerar majalisar jihar Virginia, a mazaɓar Norfolk mai rinjayen baƙaƙe. A ƙaramar mazaɓa irin wannan ana iya bi gida-gida, kuma mutane sun san ɗan takara kafin su ga tambarin jam'iyyarsa. Haka kujerun hukumar makarantu da na magajin gari a biranen da ba a rubuta jam'iyya a takardar ƙuri'a. Eric Johnson na Dallas sai da ya sake cin zaɓen magajin gari a 2023 sannan ya sauya sheƙa zuwa Republican. Inda jam'iyyar ke faɗuwa shi ne rashin ɗorewa: ta buɗe ofisoshin hulɗa da jama'a a unguwannin baƙaƙe gabanin zaɓen 2022, zuwa 2024 an rufe da yawansu. Democrat kuwa tana da coci-coci masu kwasar mutane a bas zuwa rumfar zaɓe bayan ibadar Lahadi, da ƙungiyoyin ƙwadago, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗaliban jami'o'in baƙaƙe, waɗanda ke nan shekara da shekaru.

Zaɓen 2024 ya ɗan motsa alƙaluman. Pew ta ce Trump ya samu kashi 15 na ƙuri'un baƙaƙe, daga kashi 8 a 2020. Ƙarin ya fi fitowa daga maza: binciken bakin rumfar zaɓe ya nuna wajen namiji ɗaya cikin biyar, mata kuwa ƙasa da ɗaya cikin goma. Samari ne gaba, waɗanda tsadar rayuwa ta fi damu, ba su ga shekarun 1960 ba, kuma ba su da alaƙa da coci kamar iyayensu, don haka matsin jama'ar da muka ambata bai kama su sosai ba. Ga kuma baƙin haure daga Afirka da tsibiran Karebiyan, waɗanda yanzu suka kai wajen ɗaya cikin goma na baƙaƙen ƙasar, da nasu tarihin daban.

Kada ka ɗauka jam'iyyar na neman rinjaye a cikin baƙaƙe ne. Ba ta buƙatarsa. A Georgia baƙaƙe kusan kashi 30 ne na masu zaɓe, don haka idan uku cikin ɗari nasu suka sauya, tazarar da ke tsakanin 'yan takara biyu za ta motsa da kusan kashi 2 na dukkan ƙuri'un jihar. Biden ya ci Georgia a 2020 da ƙuri'u 11,779 cikin kusan miliyan biyar. Wannan ɗan gutsuren ake farauta, tare da farar fatar bayan gari da ba sa son a ce sun zaɓi jam'iyyar wariya, waɗanda ganin Scott ko James a kan dandali ke kwantar musu da hankali. Kujerar gwamna kuwa har zuwa ƙarshen 2025 ta gagara. Lynn Swann a Pennsylvania da Ken Blackwell a Ohio sun faɗi a 2006, Daniel Cameron a Kentucky a 2023, Mark Robinson a Carolina ta Arewa a 2024, Earle-Sears a Virginia a 2025, kuma har zuwa lokacin babu wata jiha da ta taɓa zaɓen baƙin fata ɗan Republican ya zama gwamnanta.